Littattafai Arba'in, In Ji Likita

…kuma a gabanta. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. A gabanta aka yi, tana zaune, damtsenta cikin abin awon jini, jakarta a cinya, kamar wata kujera da aka manta a ɗakin. Matashin likitan nan mai ɗan gemu ya tsallake kanta da ido, ya dubi 'yarta, ya ce, "Yaya karatun da muka ce a sa ta? Tana iya ba ku labarin kuwa?"

Da muka ce. A sa ta.

Yanzu ga ta a mota, a filin ajiye motoci na asibitin, gilas a sauke rabi, rana na gasa ƙarfe. Lauya, babbar 'yarta, wadda tun da ta fara shiga kotu kowa ya manta da sunanta na yanka, ta tafi layin karɓar magani. Har da leƙowa ta taga: "Umma, ki zauna nan, kada ki fita, yanzu zan dawo." Kada ki fita! Ita ake ce wa kada ki fita? A asibitin nan? Nan da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin haihuwa, nan da in ta tako baranda masu shara ke gyara tsayuwa suna "Sista ta iso, Sista ta iso"… Rabin masu yawo da farar riga a ginin can, wa ya sani ko ba a tafin hannunta suka fara kuka ba?

Gasa. Haka aka kira abin. Farkon shekara, da hantsi, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ga Auta ya shigo da kwali a kafaɗa yana nishi kamar ya ɗauko buhun siminti, Lauya na biye da shi riƙe da takarda. "Umma, gasa za mu yi ni da ke. Littafi arba'in kafin shekara ta ƙare. Ga sunayensu nan a jere. Wadda aka kayar ita za ta yi wa ɗayar girki wata guda." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita da rabonta da littafin labari tun tana makarantar koyon jinya? Ta ce, ke yarinya, ina na ga idon? Aka ce akwai sabon tabarau. Ta ce ina na ga lokacin? Auta ya ce, "Haba Umma, ke da kika yi ritaya, lokaci ai har kyautarsa kike yi." Shi ma ashe… Shi ma. Dariyar nan tasa, wuyan nan da ya karkace da kwali, duk cikin shirin ne. Da matarsa mai turo saƙo kullum, "Umma, na nawa ake?" da ɗan hoton fure a gefe. To su nawa ne? Su nawa suka zauna a kanta? A gidan wa? An ci abinci a zaman? An yi addu'a kafin a tashi?

Ita kuwa ta manna takardar a jikin firij. Da hannunta. Duk wanda ta gama ta soke shi da jan biro, irin wanda take cika katin masu naƙuda da shi, tana soka tana jin wani daɗi kamar yarinyar da aka ba tauraro a makaranta. Talatin da uku ta soke. Na talatin da huɗu yana nan cikin jaka, ta zo da shi don ta san layin asibiti. Wauta! Ta zo da maganinta a jaka ba ta sani ba. Sau uku a rana, bayan cin abinci.

Ba ma wannan ba… Asabar ɗin. Asabar ɗin ce ke ƙona ta.

Don ita da Lauya, a faɗi gaskiya, me suke cewa da juna a da? "Kin sha magani? An kawo wuta? To sai an jima." Shi ke nan hirar. Yarinyar ta tashi a hannun babanta ne da gwaggonta, uwa tana can tana karɓar 'ya'yan wasu. Ba faɗa, ba rashin kunya, sai dai kamar maƙwabta masu mutunci, a gaisa ta katanga. Sai ga littattafan nan, sai ga waya duk Asabar da la'asar, har kunne ya yi zafi a sauya ɗaya. Ta ce a ranta, Allah mai iko, ashe da rabon zan san 'yata kafin in mutu. Tun Alhamis take shiri. Ta ninke shafi, ta ja layi, ta tanadi abin da za ta ce kamar mai zuwa kotu. In wayar ta yi ƙara har tuntuɓe take yi.

"Umma, tuna min, wa ya fara dawowa garin, yayan ko ƙanen?" "Umma, kafin gobarar me ya faru?" "Yaya ma sunan matar?"

Ita kuma baki har kunne tana ta zuba. Har tausayinta take ji! Wallahi har tausayinta. Tana cewa, yarinyar nan aiki ya cinye mata kai, littafin da ta karanta jiya-jiya ba ta riƙe komai ba. Ta sa ta a addu'a — a addu'a! — Allah ya buɗe wa 'yata ƙwaƙwalwa. Ta aika mata da zuma. Ashe tambayar kotu ake mata. Ashe ƙaramar ƙarar nan da take ji ta cikin waya, ƙirit-ƙirit, ba aikin ofis ba ne, maki ake ba ta.

"Tana yi, likita," in ji Lauya ɗazu, muryar nan tata ta aiki, mai santsi, ko kallonta ba ta yi ba. "Ni dai nakan duba taƙaitaccen labarin a waya in kwatanta da abin da ta faɗa. Wani lokaci daidai. Wani lokaci takan haɗa labari biyu."

Taƙaitacce. A waya. Wato ko ɗaya, ke yarinya? Ko ɗaya ba ki buɗe ba? Littafin tarihin gina gadar nan mai kauri kamar bulo, wanda marubucinsa ya yi babi guda cur a kan irin ƙarfen da aka sa, wanda ya bar mini ciwon wuya har sai da aka shafa min magani — kin ce min kin wuce rabi! Kin ce, "Umma ki daure, gaba ya fi daɗi." Na daure. Gaba bai fi daɗi ba. Na gama shi ne don kada ki riga ni, ina gyangyaɗi ina farkawa, ina cewa ba za a kayar da ni ba, 'yar da na haifa… Ashe ni kaɗai nake gudu a filin, ku kuna kan benci da agogo a hannu.

Wai takan haɗa labari biyu. Waɗanne? A faɗa mata waɗanne! In na matar da ta gaji babbar motar mijinta ne da na mai kiwon zuma, to ai dukkansu akwai ɗan'uwa da ruwa ya ci. Laifinta ne marubuta ba su da wata hanyar kashe mutum sai kogi? A je a tuhume su mana. Ita da ta kama marubuci da ƙarya ƙiri-ƙiri? Wancan da ya sa mace ta haihu a bayan mota, ta miƙe ta karkaɗe zani ta kama gudu da jariri, ba cibiya, ba mabiyiya, ba jini, kamar ta ajiye ƙunshin kaya. Namiji ne ya rubuta, ko ba a faɗa ba. Ranar ta yi ta masifa a waya har makogwaro ya bushe, Lauya na ta dariya. Dariyar gaske ce wannan? Ko ita ma an rubuta ta a gefe: yau ta yi surutu da yawa?

Zafi. Kujerar motar nan ta manne mata a baya. Ga wata mai ciki can tana takawa a hankali, hannu a ƙugu, miji na gaba da ita yana danna waya. Cikin ya sauka. Wannan ba za ta kai jibi ba, kuma ƙafar nan a kumbure take, wani ya duba mata jini. Daga nan, ta gilas, ta gani. Wannan idon ne za a ce… wannan kan ne…

Tukunya. To, an ji, ta bar tukunya a wuta ta ƙone ƙurmus, hayaƙi har gidan maƙwabta. Sau ɗaya. To, sau biyu. Wace mace ce a duniya ba ta taɓa ƙona tukunya ba? Matar Auta fa, da shinkafarta ba ta taɓa sauka babu ƙanzo ba, wa ya kai ta wajen likita? Makullai a firij: tana riƙe da ledar kayan miya ne da makullai a hannu ɗaya, ta ajiye su tare, meye abin taro a ciki? Gidan mai ɗinki da ta je gaisuwar rasuwa sau biyu, ta sake yi musu ta'aziyya kamar sabuwa… to gaisuwa tana yawa ne? Mutane sun lalace, ka yi zumunci a ce kanka ya taɓu. Auta kuwa da ta kira da sunan babansa, ai sai ya daina tsayuwa a bakin ƙofa irin tsayuwar marigayi, kafaɗa ɗaya a sama. Ta ga fuskarsa ranar. Ta ga yadda ya haɗiye yawu ya ce "Na'am, Umma." Ta ɗauka kewar uba ce. Ashe rahoto ya tafi kaiwa.

Kuma agogo. Yaron nan, likitan, ya miƙo mata takarda da biro, wai, "Mama, zana min agogo." Mama! Ko katinta bai karanta ya ga ko wace ce ba. Ita da ta ƙirga bugun zuciyar jarirai da agogon ƙirji tun uwarsa ba ta san za ta haife shi ba. Ta zana masa. Lambobin sun ɗan taru a gefe ɗaya, eh, sun taru, don takardar ƙarama ce, biron kuma yana yankewa, kuma wa zai zana abin kirki mutum biyu sun zuba masa ido kamar ana jiran ya faɗi? Ya karɓa ya ce, "Yauwa, ya yi kyau." Ta san wannan "ya yi kyau" ɗin. Ita za a gaya wa? Ita ta koya wa ɗalibai shi. Ki yi murmushi, ki ce wa mai naƙuda ba komai, ki ja mijin baranda ki gaya masa gaskiya. Wanzami ba ya son jarfa, za su ce. To ba haka ba ne! Wancan na minti kaɗan ne, mace na tsakanin rai da mutuwa, ba ta da ƙarfin ɗaukar tsoro. Ba shekara guda ba. Ba mutum da ƙafarsa da hankalinsa, yana cin abincinsa, a kewaye shi da ƙarya mai ruwan sanyi tun daga farkon shekara har ƙarshenta ba.

Da sun zo sun zauna. Shi ke nan fa. "Umma, muna ganin kaza da kaza, muna tsoro." Da ta yi faɗa, ta sani, da ta kore su, da ta yi kwana biyu ba ta ɗaga waya ba. Sannan da ta sa mayafinta ta zo asibitin nan da kanta, ta zaɓi likitan da ya san abin da yake yi. Ta ga irin wannan ciwon. Ta yi jinyar surukarta da shi har ƙarshe, matar da ta koma tana tambayar ɗanta ko shi wane ne… A'a. Ba wannan ba. Ba ta wannan ake ba yanzu. Ana maganar ƙarya ne. Maganar raini ake.

Abin da ta bari saboda gasar nan fa? Taron tsofaffin ma'aikata na wata-wata ta daina zuwa, har ƙawarta ta ɗakin tiyata ta yi fushi, ta ce, "Sista, ko jami'a kika koma ba mu sani ba?" Rediyonta ya yi ƙura. 'Yan shukokinta na bayan ɗaki sun bushe. Tana ta alfahari, duk wanda ya shigo sai ta ja shi gaban firij: ni da 'yata muke gasa, kun ga inda na kai. Mai kawo mata gas ma sai da ya gani. Wayyo kunya. Wa ya sani a cikinsu? Wa ya fita ya girgiza kai ya ce, Allah sarki, tsohuwa?

Sai kuma… wannan ita ce ba ta son taɓawa, amma ga ta nan ta taso. Littafin nan na soyayya, ɗan siriri, mai shuɗin bango, wanda ta fara da tsaki ta ƙare da share ido. Akwai inda saurayin ya tsaya a ruwan sama a ƙofar wajen aikin yarinyar, ba shi da abin cewa, sai ya ce ya zo tambayar lokaci ne. Ranar Asabar ɗin ta kasa maganar littafin. Sai ta ji bakinta yana faɗin abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Yadda babansu ya yi ta zuwa asibitin nan da ciwon ƙarya, yau kai, gobe ciki, har babbar sista ta gane, ta ce, "Malam, ciwonka yana ɗakin haihuwa, kuma ba mu kwantar da maza a can." Yadda ya kawo mata lemo guda ɗaya a aljihu, ya yi ɗumi da zafin jikinsa, ya kasa miƙawa sai da za ta shiga mota. Ta faɗa duka. Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba, ta ce yau na ba 'yata ubanta yana saurayi.  Sannan Lauya ta ce, a hankali, "Umma… wannan a littafin ne, ko naki ne?"

Ta ɗauka zolaya ce. Ta ce, ja'ira!

Tambaya ce ashe. Ta gaske. Lemon nan yana cikin fayil yanzu? An rubuta: ta fara haɗa rayuwarta da labari? Mijina ne, ke! Ubanki ne! Lemon nan na ci shi, har yau ina jin tsaminsa…

Kuma abin haushin, abin da ba za ta yafe ba ko sun durƙusa: tana son littattafan. Ta so su. Ba ta san akwai wannan a duniya ba, mutum ya zauna a kujerarsa, ƙafa a kan tabarma, a ɗauke shi a kai shi cikin ran wani. Na cikin jakar nan ma, an bar yarinyar a tashar jirgin ƙasa da ƙaninta mara lafiya, kuma tun safe zuciyarta na can. Yanzu ta yaya za ta buɗe shi? Kowane shafi sai ta ji ana leƙenta. Ta karanta layi ta tambayi kanta, na riƙe? Zan iya maimaitawa? Sun zuba mata magani a cikin abin da take so, yanzu duk ɗacinsa take ji.

Ba za ta zauna ba. Wallahi ba za ta zauna a motar nan kamar akuyar da aka ɗaure a kasuwa ba. Ta buɗe ƙofa. Gwiwa ta yi ƙara, ba komai, tsufa ne, tsufa ba hauka ba ne. Jaka a kafaɗa. Gida za ta tafi, da ƙafarta da kanta, ta cire takardar nan daga jikin firij, ta haɗa kwalin nan ta aika musu, su karanta abinsu, su yi wa juna tambayoyi. In Lauya ta dawo ta tarar da mota wayam, sai ta rubuta wannan ma. Ta rubuta da manyan baƙaƙe.

Baranda, ɗakin gwaje-gwaje, bishiyar nan da suke shan iska a ƙarƙashinta, an sare ta an zuba siminti. Mai gadi sabo ne, bai san ta ba, ya ɗaga mata ƙarfen ƙofa ko kallo babu. Da can… bar da can. Ga titi. Hayaniya, hon, masu sayar da ruwa, shagon magani na tsallake ya koma shagon waya. Komai sun sauya, sannan a ce mutum ne ya rikice. Ta ɗaga hannu, tasi ta tsaya, direban ya sunkuyo ta taga, dattijo ne mai furfura a gemu.

"Sannu Hajiya. Ina muka nufa?"

Gida mana. Unguwar… Ta buɗe baki.

Unguwar da aka haife ta ta zo, da rijiyarta da komai. Ba ita ba. Gidajen ma'aikatan jinya na bayan asibiti, ɗaki na ƙarshe. Ba nan ba. Inda suka fara haya da marigayi, mai matakala a waje… an rushe shi tuni. Nata fa, nata na yanzu, mai koren ƙofa, ga shi tana ganinsa, ga tsakar gidan, ga igiyar shanya, ga kujerarta. Sunan ne kawai. Kalma ɗaya ce. Tana nan a bakin harshe, yanzu za ta faɗo, zafin rana ne, ɓacin rai ne, kowa ransa ya ɓaci haka sai ya…

"Hajiya?"

Na baya suna ta hon. Cikin jaka waya ta fara ƙara, tana karkarwa a jikin littafin. Ta san mai kira. Ta ɗora hannu a kan ƙofar tasin, ƙarfen da zafi, ba ta ɗauke ba.

"Ɗan dakata, malam," ta ce. "Ɗan dakata min kaɗan…"